Shafin Rabi, Ɗorawar Inna

Ƙarar waya ce a cikin langa. A gidanmu a lokacin sabis ba ya sauka ƙasa, sai a kan katangar da ke kusa da rumbu, don haka nakan sa wayata a wata langa mai fure in ɗora ta can, in koma aikina. In saƙo ya shigo sai langar ta ɗauki rawa, kirrr, kamar ƙwaro ya faɗa ciki. Ranar ina tankaɗe na ji ta. Na goge hannu a zani, na taka turmi na ɗauko. Wani mutum ne daga birni da ban sani ba. Bayan sallama ya ce ko zan sayar masa da shafina.

Ni ban ma san ana sayar da shafin intanet ba. Ƙanena ne ya buɗe mini shi kafin ya tafi bautar ƙasa, don na cika masa kunne da bayanin yadda ake adana wake ba tare da maganin ƙwari ba, da yadda ake daddawa ta yi ƙamshi ba ɗoyi ba. Ya ce, "Yaya Jummala, ki zuba wa duniya, ki hutar da ni." Na yi shekaru ina zubawa, tsakanin girki da wanki, da yatsa ɗaya. Mutumin ya taya, ko albarka ban ce ba. Kuɗin ya saya mini keken ɗinki, har na soya waina na rabar don godiya ga Allah. Bai sauya komai a rubutuna ba, talla kawai ya jera a gefe. Shekara na zagayowa ya sayar wa wani, aka ce abin da ya karɓa ya isa fuloti a wajen Rijiyar Zaki. Keken yana nan a ɗakina. Shafin ma yana nan, da sunan wani a ƙasan girkin kakata. Allah ya sa masa albarka, haka nake cewa duk lokacin da na leƙa, kuma ina leƙawa fiye da yadda ya kamata.

Ku kuma 'yan yanzu, da kuke cika mini waya da "Anti, a koya mana, ai ninkawa ce kawai", ku saurara. Gaskiya ne akwai ninkawa. Ana duba ribar da shafi yake kawowa a wata, a ninka ta da watannin shekara biyu, in mai ƙwari ne a kai har uku. Wannan ko 'yata Asiya, da ba ta gama firamare ba, za ta iya. Aikin yana wurin sanin wace riba ce ta gaskiya, da kuma ko za ta yarda ta bi shafin zuwa gidan wanda ya saya.

Wadda ta koya mini ita ce Ya Falmata, 'yar asalin Barno, amma tun kakanninta suke Kano. Ita ta shiga tsakani lokacin da aka sake sayar da shafin nan nawa. Da ta karanta rubutun ta ce wannan ba hannun namijin birni ba ne, ta bi diddigi har ta samo lambata. Gaisuwarta ta farko ita ce, "Ke ce kazar da ta kwana a kan dami?" Sannan ta ce, "To kuka ba zai dawo da shi ba. In kina da haƙuri zan koya miki, don kada a sake yi wa wata." Na nemi izinin maigidana, Malam Sabi'u. Ya ce in dai ba za a ci haram ba, kuma tuwo ba zai ƙone ba, bismilla.

Da saƙon murya ta koyar da ni. Takan turo mini shafi ta ce in yi masa kuɗi, in na mayar da amsa ta ce, "A ina kika tsinto wannan? A mafarki?" Ta aiko mini da tsohuwar kwamfutarta ta cinya, wadda sai an tokare murfinta da gwangwanin madara. Kayan aikina ke nan har gobe: ita, da waya, da ɗan faifan sola a kan rufin ɗakin girki, da tabarau tun da idona ya fara gardama. Ita kuwa tana da ofis a birni mai sanyi, da masu amsa mata waya, da kujera mai juyawa. Sau ɗaya na je, na zauna a kujerar lokacin da ta fita alwala. Doka ɗaya ta kafa mini: mai kiyasi ba ya cin la'ada. A biya ki ladan dubawa ƙayyadadde, ko an saya ko ba a saya ba. Ran da abincinki ya dogara da tsadar kaya, idonki ya mutu.

Sauran ilimin daga gida na taho da shi ban sani ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ake kira a ƙauyukanmu na wajen Zakirai in za a raba gado ko a sayar da gona. Ƙasarmu ba daji, gona jingine take da gona, ko taku ɗaya da mai shi. Baba ba ya yi wa gona kuɗi daga bakin hanya. Sai ya zagaya iyakarta da ƙafa. Sai ya tambayi ta ina jaki yake shiga, ko hanyar ta ratsa ta gonar wani ce. In da rani ya gan ta, sai ya ji yadda take da damina. Tambayarsa ta ƙarshe kullum ita ce, "Wa ke da ɗorawar?" Domin a wurinmu sai ka sayi gona alhali itacen da ke tsakiyarta na wata gwaggo ne da ta gada. In ya nuna 'ya'yanta su zo da ƙugiya su kaɗe, kai kuwa inuwa ce rabonka. Baƙo bai san wannan ba, sai ya biya kuɗin gona da itace, ya tashi da rigima.

Aikin farko da Ya Falmata ta sakar mini ni kaɗai shafin labarin ƙwallo ne na wani saurayi. Ya turo hotunan fuskar wayarsa, lambobi reras, ya ce ga abin da yake shigowa. Na ce ba a cinikin biri a sama, ya buɗe mini in shiga da kaina. Da na shiga sai na tarar watan gasa kawai ya ɗauko mini. Shafi yana da damina da rani kamar gona, sai an jera watannin shekara duka a ga tsakiyarsu. Na ce ya faɗa mini abin da yake fita: hayar wurin da shafin yake zaune, sabunta suna, data, caji, da ladan abokinsa mai fassara. Sannan na tambaye shi yawan lokacin da yake ɓatawa a kai kullum. Ya ce, "Hajiya, ai ni ba na biyan kaina." Na ce wanda zai saya kuwa sai ya biya wani. Da muka cire wannan, ribar ta tsuke kamar alayyahu a tukunya. Bai sake gaishe ni ba, amma wanda ya saya har yau yana aiko mini da dabino da azumi.

Wani kuma shafin fassarar mafarki ne, maziyarta kamar ranar kasuwa. Na duba inda suke fitowa, sai ga ƙasashen da ko sannu ba a sani ba, kuma kowa ƙiftawar ido yake yi ya fice. Baƙin haya ne, irin waɗanda ake lodowa a mota ranar taro. Mai karatu na gaskiya yana da lokacinsa, bayan asuba ko in an gama abinci, yana zama, yana dawowa, yana yin gardama a ƙasan rubutu. Kuma ku riƙa tambayar hanyar da ya biyo: injin bincike ne ya jefo shi, ko dandalin sada zumunta, ko da kansa ya rubuta sunan shafin? Shafin da hanyarsa ɗaya ce, kuma ta ratsa gonar wani, ran da mai gonar ya yi shinge an gama. Wanda tallan caca yake ciyarwa kuwa ba na buɗe shi sau biyu, nakan mayar da ladan dubawa. Malam ya gindaya sharaɗi, kuma ko bai gindaya ba.

Akwai wata malamar Islamiyya mai shafin koyar da yara addu'o'i. Komai nata tsaf. An gama ciniki saura miƙa makulli, sai ga shi sunan shafin ba da sunanta aka yi masa rajista ba, da na mai shagon kwamfutar da ya buɗe mata ne, shi kuwa ya bar gari ba a san inda ya nufa ba. Tun daga ita, kafin in duba riba sai na duba takarda.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda injin bincike ya sauya hali. Ba wanda ya yi mana sallama. Aka wayi gari shafukan da suke cika sun koma kufai, kuɗin talla ya faɗi, data ta yi tsada. Wani bawan Allah da ya sayi shafi a kan maganata ya kira ni ya ce, "Malama, gonar da kika yaba ko ciyawa ba ta fitarwa." Na faɗa masa tun farko hanyarta ɗaya ce, amma a hankali na faɗa, irin faɗar da ake yi don kada ciniki ya lalace. Daga nan na koyi ɗaga murya a wurin aibi. Ya Falmata ta sallami masu amsa waya. Ni na koma kan keken da nake harara, shi ya saya mana omo da magi a shekarar, ina ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta. Shafukan da suka tsira su ne waɗanda mutane suka sani da suna, suke zuwa da ƙafarsu. Tsohon shafina yana cikinsu. Shi ma na lura.

A ƙarshen wannan shekarar ne shafin Rabi ya tashi, lokacin da na kowa yake kwance.

Rabi maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Daga Bagwai aka kawo ta amarya, na girme ta nesa ba kusa ba. Ni na nuna mata yadda ake buɗe shafi, a kan tabarmata, da kwamfutar nan mai gwangwani. Tsakaninmu akwai langa, wannan dai mai furen, wadda ta koma aikinta na asali tun da na sami wayar da take kama sabis a ɗaki. In na yi dambu Asiya ta kai musu, kuma ba ta dawowa haka nan: ɗanwake, ko gyaɗa, ko ƙwai. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam.

Surukar Rabi, Inna Tabawa, ungozoma ce, rabin ƙauyen nan a hannunta suka faɗo. Mata suka fara turo wa Rabi tambayoyi kan jego da goyo da yaye. Sai ta ajiye waya a gaban Inna, Inna ta amsa da faɗa da barkwanci, in abin ya fi ƙarfin gida ta ce, "Wannan ba na kunu ba ne, maza asibiti, sakarya!" Rabi ta ɗora muryar, ta rubuta bayanin a ƙasa. Rubutun kuwa, Allah na tuba, ko aya ba ta sawa. Ni da na yi shekaru ina auna kowace kalma ban taɓa tara rabin mutanenta ba. Masu kayan jarirai da masu atamfa suka riƙa biyanta kai tsaye. Ta sayi firji mai sola. Ina sallar walha ina jin gurnaninsa ta kan katanga. Na san hassada ga mai rabo taki ce, ina kuma neman tsari safe da yamma, amma kunne ba shi da murfi.

Wani Alhaji mai shagon kayan jarirai a birni ya ce yana so. Rabi ma tana so, kuma dalilinta ba na wasa ba ne. Mijinta Isuhu duk rani sai ya tafi kudu ci-rani, har autansu yakan ɓuya a bayanta in uban ya dawo, bai gane shi ba. Suna da ɗan yankin fadama. In aka haƙa rijiya aka sa injin ban ruwa mai sola, Isuhu ya zauna gida ya yi albasa. Ta riga ta rubuta sunan shafin a irin wuraren nan na intanet da suke tofo maka kuɗi nan take, sun ba ta wata lamba mai ƙiba, ta haƙa rijiyar ta dasa injin a cikin kanta. Ita ta ce ni take so in duba. Alhaji ya yarda, don Ya Falmata ta tsaya mini. Duk abin da na faɗa, a kansa za a yi ciniki.

Na shiga. Riba tsaf, rani da damina. Sunan shafin nata ne, ni na yi mata rajistar. Hanyoyi uku, mafi girmansu ta masu zuwa da ƙafarsu. Ba caca, ba baƙin haya, ba rubutun sata. Na daɗe ban ga shafi mai lafiya irinsa ba, kuma ban ji daɗin ganinsa ba. Sai na lura da wani rami a tsakiyar shekara. Na bi kwanakin, na tuna lokacin ne Inna ta yi mura muryarta ta dushe, Rabi ta riƙa amsa tambayoyin da kanta. Mutane sun janye. Ƙasan kowane rubutu tambaya ɗaya ce: "Ina Inna?" "Lafiya muka daina jin Inna?"

Wa ke da ɗorawar?

Da na gano haka sai na ji wani sanyi a ƙirjina, sanyin da bai kamata mai kiyasi ta ji ba. Shi ya tsorata ni. Aibin na gaskiya ne, amma wace ce ta gano shi, gwanar aiki ko mai sauraron firjin maƙwabta? Baba yana da wata al'ada. In aka kira shi gonar wanda ba sa ga maciji, sau biyu yake zagayawa: yau ya shiga ta gabas a matsayin mai saye, gobe ya shiga ta yamma kamar gonar marayan da aka ba shi riƙo ce. Na rufe kwamfutar. Washegari bayan na yi walha na sake buɗewa, na ce wannan shafin Asiya ne. Sai na ga abin da idon jiya ya tsallake. Tsofaffin amsoshin Inna, na bara da na bara waccan, kullum ana sauraronsu, don kullum wata tana haihuwar fari. Waɗannan suna nan ko an yi sabo ko ba a yi ba. Na ɗaga kuɗin gonar sama da yadda na sa jiya. Amma ko ta yamma na shiga, itacen ba na Rabi ba ne.

Bayan la'asar na yafa mayafi na shiga gidansu. Inna tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, Rabi tana tsintar shinkafa. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, an gaya miki za a sayar da shafin?"

"Abin nan da nake yi wa 'ya'yan waya faɗa a ciki?"

"Shi."

"To ni fa? Da ni za a haɗa, ko kwance mini igiya za a yi?" Ta yi dariya har gyaɗa ta zube. "Nawa aka taya ni? Kada ku sallama da arha, haƙorana na gaba suna nan."

Rabi ta ce, "Haba Inna, wa zai sayar da ke? Za ki ci gaba ne yadda kike yi."

"In ci gaba ga wa? Ni don ke nake yi, da yaran nan da aka kai aure nesa da iyayensu. In wani Alhaji ne zai ajiye ni yana murɗawa kamar rediyo, ya zo ya gaishe ni tukuna mu ga kalar hularsa."

Rabi ta ajiye tire ta ja ni ɗakin girki. Ta rage murya. "Yaya, me ya kai ki? Inna ba za ta ƙi ba in na lallaɓa ta. Ki sa kuɗin gaba ɗaya kawai."

"Rabi, mutumin nan zai biya kuɗin shekaru ne a kan muryar da ba taki ba. Mai ita ko tambayarta ba a yi ba. Kuma tsohuwa ce, Allah ya ƙara mata lafiya."

"Au, fatan mutuwa kike yi mata?"

"Subhanallahi."

"Tun ranar da aka fara turo mini talla kika daina ce mini komai a kan shafin nan. Kin zaci ban lura ba? Da kullum sai kin gyara mini, kin yaba. Naki kika sayar kuɗin keke, shi ne nawa ma sai ya zama keke?"

Rabin maganarta gaskiya ne, kuma ba ni da wuƙar da zan raba rabin da rabin a tsaye a ɗakin girkin mutane. Na ce a gaida Isuhu, na fito. Inna ta bi ni da cewa in an sayar da ita in zo in karɓi tukuici.

Abin da na aika wa Alhaji da Rabi, a saƙo ɗaya don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa, shi ne: ga kuɗin gona, wato sunan shafin da tsofaffin amsoshi da mutanen da suka saba zuwa. Ɗorawa kuwa ba ta sayarwa ba ce. In yana son sabuwar muryar Inna ya je ya nema a wurinta, ya riƙa biyanta wata-wata a hannunta, ran da ta gaji ta gaji. Tsofaffin ma sai ta ce ta yarda. Kuɗin da na sa bai wuce rabin abin da Rabi ta ɗora wa rai ba. Na nuna wa Ya Falmata. Ta ce, "Kin ɗan ɗaga. Tsoron Allah ne ko tsoron bakin unguwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To bar shi haka, duk wanda ne ya yi aiki."

Washegari na yi dambu na ba Asiya ta kai. Tun daga zaure na ji dawowarta, murfin langa yana ƙara, kwaram kwaram. An wanke ta tas, an goge, ba ko ƙwayar gyaɗa.

Magana ta zaga. A wani suna wata ta ce, tana gyara ɗaurin ɗankwali ba ta dube ni ba, wasu in sun ga kitso ya yi kyau sai su ce sun hango kwarkwata. Aka yi dariya. Ni ma na murmusa, don ban san inda zan sa fuskata ba. Aikin da ake kawo mini daga ƙauyukan kusa ya ja baya. Wa zai kai kayansa wurin mai baƙin ciki?

Alhaji ya zo da kansa. An ce ya durƙusa a gaban Inna da turmin atamfa da goro, ta ce hularsa ta yi masa girma, ta kuma kafa masa sharaɗi cewa ba za a sa muryarta kusa da tallan maganin da ba ta sani ba. Aka yi ciniki a kan abin da na faɗa. Kuɗin ya haƙa rijiya, ya sayi injin fetur na hannu, mai sola kuwa ya gagara. Fetur ya yi tsada a ranin, Isuhu ya sake ɗaukar jakarsa ya tafi kudu. Ina jin kukan autan ta kan katanga ranar da ya tafi. Wannan kukan yana cikin kiyasina, ban san a wane gefe zan sa shi ba.

Ban daina aika langa ba. Malam Sabi'u ya ce, "Jummala, kina ciyar da mutanen da suke wanke miki kwano kawai." Na ce ai ko wankin ma aiki ne. Wata ya bi wata, murfi yana ƙara daga zaure.

Bana Isuhu bai tafi ba. Da abin da ya samo da abin da Inna ta ƙara masa daga kuɗinta na wata, sun sa faifan sola. In na taka turmi ina hango fadamarsu kore shar a tsakiyar rani. Inna ta sayi tunkiya, ta raɗa mata suna Alhaji. Rabi kuwa shi Alhaji mai shagon ya ɗauke ta aiki, don ba wanda Inna take yarda ya ajiye mata waya a gaba sai ita. Ta sayar da gona, tana kuma karɓar ladan noma ta. Ni a lokacin nawa ba wanda ya zagaya mini ko sau ɗaya, balle biyu. Firjin yana nan yana gurnani, yanzu har ƙanƙara take sayarwa. Ina yi mata fatan alheri, kuma nakan maimaita fatan har sai zuciyata ta ji abin da bakina yake faɗa.

To ku masu son ninkawa, ku ninka. Amma ku shiga da kanku ku gani, ku tambayi hanya, ku duba takarda, ku nemi mai ɗorawa ku gaishe shi. In kuka gano aibi kuka ji daɗi, kada ku aika da komai a ranar. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, sai dai yana da maƙwabta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi dambun zogale na zuba, na ba Asiya. Na koma kan wani shafin kiwon kaji da aka turo mini, ina neman hanyar da mutanensa suke biyowa. Ban ji shigowarta ba. Sai ganinta na yi a bakin ƙofa, ta rungume langar da hannu biyu, ganyen albasa yana leƙowa ta ƙarƙashin murfi.

"Umma, karɓi da sauri," ta ce. "Yau da nauyi."